Gwajin Keke a Falon Surukina

Na san abin da kuke faɗa a kan mijin yayarku idan na ba da baya. Kunnena ya yi nauyi, amma bai mutu ba. Kun ce Malam Isa ba shi da kunya. Kun ce wane irin suruki ne zai shigo har ɗakin uban matarsa, ya ɗaga murfin kwano ya leƙa abin da aka dafa masa, ya ɗauke gwangwanin sukari daga kan tire ya miƙa wa Hajiya ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Kai Nasiru har ka taɓa cewa da a Kano ne, inda kakanninmu suka fito, da tuni an zaunar da shi an karanta masa. Ban tanka maka ba a ranar, domin amsar tana da tsawo, kuma ba ta da daɗin faɗa da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya riƙe a cikinsa, kada ya zo ya zauna a gabana yana kallona da ita.

Ku ƙanana ba ku san Malam Isa na farko ba. A shekarun farko na aurensu da yayarku, tun daga bakin get yake tuɓe takalmi. Ya tsuguna a zaure, kansa a ƙasa, ya gaishe ni kamar mai magana da tabarma. Ban san launin ƙwayar idonsa ba. Bai taɓa shan ko ruwa a gabana ba, kuma in ya hango motata a hanyar kasuwa, sai ya karya kwana ya bi wani layi. Ni kuwa abin yana yi mini daɗi ƙwarai. Nakan ce wa abokaina a kasuwar riɗi, ga shi Bagwandare ne ɗan Akurba da ke gefen garin Lafiya, amma ya fi 'ya'yan birni sanin girman suruki. Aikinsa ne kawai ban ɗauka da daraja ba. Malamin wasanni ne a makarantar sakandare, da yamma kuma yana horar da samari masu tseren keke. A raina nakan ce, ƙato da gemunsa, ya rataya usur a wuya yana bin 'yan keke. Ita ma yayarku, da yake 'yar fari ce, tsakanina da ita akwai tamu kunyar. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma kun lura ko a nan ban rubuta shi ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ciwon suga da hawan jini suka haɗu suka kama ni lokaci ɗaya. Mahaifina a irin shekarun nan ya faɗi a bakin shagonsa bai tashi ba. Ƙanena ma haka, a banɗaki aka same shi. Don haka da likita ta ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba sai na motsa jiki, ban yi mata musu ba, tsoro ya riga ya shige ni. Gwiwoyina ba sa son doguwar tafiya, sai ta ce in hau keke, amma ta ja mini kunne kada in kai zuciyar inda ba za ta iya ba. Na sayi keke na ce na mai gadi ne. Bayan sallar asuba sai in ja hula har gira, in bi hanyar Obi tun gari bai waye sosai ba, don kada wani ya ga Alhaji mai sito uku a kan keke. Kuma na hau shi yadda na yi komai a rayuwata, da ƙarfin tsiya. A ganina in ba a ji jiki ba, ba a yi komai ba. Rannan jiri ya ɗebe ni, na farka a gindin mangwaro, wani ɗan acaba yana yi mini fifita da hulata. Shi ya kawo ni gida, keken a kwance a kan cinyata.

Hajiya ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi.

"To ga keken mai gadi ya dawo da mai gida. Alhaji, in mutuwa kake so, ai ba sai ka je hanyar Obi ba, ka bari ta same ka a gadonka da mutuncinka."

Ita ta gaya wa yayarku, yayarku ta gaya wa mijinta. Washegari sai ga shi a zaure, a tsugune kamar kullum.

"Baba, an ce kun fara hawan keke."

"An faɗa."

"Keke yana da kyau, Baba. Amma zuciya yana da iyaka nashi. In ba a yi tes ba, mutum zai ga kamar yana gyara jiki ne, ashe ɓatawa yake yi."

Ya yi ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, duk yana kallon ƙasa. Ga abin da na fahimta, kuma da harshen sito na fahimce shi. Idan ƙafa tana aiki, tana zuba wani abu a cikin jini, su suna ce masa lakteti. Jiki kuma yana kwashe shi, kamar yadda leburori ke kwashe buhunan da mota ta sauke. Muddin ana kwashewa daidai da saukewa, ƙofar sito a buɗe take, mutum zai yi ta tafiya har ya gaji don kansa. Amma akwai inda saukewa ke fin kwashewa, buhuna su taru su toshe ƙofa. Wannan wurin kowa da nasa, kuma shi ake nema a gwaji. In an same shi, sai a duba bugun zuciya nawa ne a daidai nan, a raba wa mutum gudunsa mataki biyar, a ce masa ga inda zai zauna. Ya ce ya riga ya raka Hajiya wurin likitar, ta duba takarduna ta yarda, da sharaɗin ba za a kai ni ƙarshen ƙarfina ba. Sai na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce akwai keke a kafe a falonsa, za a riƙa tsaga ɗan yatsa ana ɗiban ɗigon jini, sannan za a ɗaura mini wata ɗamara a ƙirji, a kan fata.

"Wa zai ɗaura?"

Ya ƙara sunkuyawa.

"Ni ne, Baba."

Na ce ya tashi ya tafi, Allah ya yi albarka. Kwana da kwanaki Hajiya tana bina da magana. Ta ce likita mace ta ga ƙirjin nan ban mutu ba, sai ganin mijin 'yata ne zai kashe ni. Ta ce in na faɗi, shi ɗin dai za a kira ya ɗauke ni, kuma a lokacin ba wanda zai tambaye ni ko na yarda. Wannan maganar ce ta karya ni. Na aika masa cewa zan zo, amma da sharaɗin babu kowa a gidan, har matarsa. Ya aiko cewa in zo da hantsi bayan ta tafi aiki, in sha magungunana yadda na saba, kuma in sha ruwa sosai kafin in taho.

Na bi umarni kamar ɗan makaranta. Na sha magani, na ɗora ledar ruwan fiya wata guda uku a kai. Abin da ban gaya masa ba, shi ma bai san ya tambaya ba, shi ne ɗaya daga cikin ƙwayoyin hawan jinin nan aikinta ke nan, sa mutum fitsari. Tun ina cikin mota, kafin in kai Akurba, na fara jin marata ta yi nauyi. Na duba gefen hanya, ko'ina mutane ne da keke napep, babu inda mai furfura zai tsuguna. Na ce ba komai, in na isa na san dabara. Da na isa kuwa sai dabarar ta gudu. Ga shi ya tarye ni a ƙofa, ya tsuguna, ya karɓi takalmina. Yaya zan buɗe baki in ce wa mijin 'yata ya nuna mini banɗaki? Banɗakin ma na gidan yana can ciki, sai ka ratsa ta ƙofar ɗakin kwanansu. A tarbiyyar da aka yi mini, uban mace ko zama ba ya daɗewa a gidan 'yarsa, balle wannan.

"Baba, akwai abin da kuke buƙata kafin mu fara?"

"Babu."

Wallahi ya tambaya. Ina so ku san ya tambaya.

Ya miƙo mini gajeren wando irin nasu, na harare shi ya mayar. Da wandona na shadda ruwan madara na hau, ya ɗaure mini ƙafafun wandon da roba don kada sarƙa ta kama. Na tuɓe riga, na ɗage singileti. Ya jiƙa ɗamarar da ruwa, ya zagayo da hannuwansa ta bayana don ya maƙala ta, fuskarsa na kallon silin, tawa na kallon taga. Ba ta kama ba da farko, sai da ya sake maƙalawa. A rayuwata ban taɓa jin tumbina ya yi mini girma kamar ranar ba. Na hau, na fara murzawa a hankali. Bayan 'yan mintoci ya kama yatsana, ya tsaga, ya ɗiga jinin a wani ɗan inji mai kama da na auna suga, sannan ya ƙara wa keken nauyi. Ya ce dole in riƙa magana don ya ji yadda numfashina yake, in lissafa masa ko da sunayen 'ya'yana ne. Na fara daga na biyu. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya yi maza ya haɗiye dariyar.

Mataki na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Sirdin keken nan ƙarami ne, mai tauri, kuma daidai inda bai kamata ba yake dannawa. Gumi ya keto mini, amma ba na gajiya ba ne. Duk murzawa ɗaya sai in ji kamar an matsa mini mara da hannu. Na dinga karanta duk addu'ar da ta zo bakina a zuci, ina cewa saura kaɗan. Shi kuma ya duba injin jini, ya duba agogon da ke nuna bugun zuciya, ya sake dubawa.

"Baba, abin nan bai daidaita ba. Jinin yana cewa kuna lafiya, amma zuciyan yana gudu kamar akwai abin da yake damunku. Akwai ciwo? Ƙirji? Kai?"

"Babu. Ci gaba."

"In akwai wani abu, Baba, mu tsaya. Babu wahala, za mu sake wani rana."

"Na ce ka ci gaba, Malam."

Wata rana kuma? In sake tuɓe riga a gabansa? Na gwammace a gama yau. Ya ƙara nauyi. Feda ta yi tauri, na tashi daga kan sirdi na danna da dukkan ƙarfina, kuma a wannan dannawar ce abin ya ƙwace mini. Na yi ƙoƙarin riƙewa, jikin ya ƙi jin magana. Na ji ɗumi ya bi cinyata, ya sauka ta inda aka ɗaure da roba, ya taru, sannan ya fara zuba a kan ledar falon. Ba a kawo wuta ba, fanka a tsaye take, babu wata ƙara a ɗakin da za ta rufe wannan. Ina tsaye a kan feda, hannuwana a kan ƙahon keke, na kasa zama na kasa sauka. Ina da jikoki a lokacin. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, na yi fatan zuciyar da ake aunawa ta tsaya a huta. Ba ta tsaya ba, agogon sai ƙara yake yi.

Malam Isa ya juya mini baya tun ɗigon farko. Ya ce da bango:

"Baba, bari in je in duba janareto. Ƙofa na biyu a hannun dama, akwai ruwa a bokiti."

Ya fita. Na ratsa ta ƙofar ɗakin da na ƙi ratsawa, ina barin sawu a ƙasa. Na daɗe a banɗakin nan. Na yi kuka a ciki, irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ƙanena. Da na buɗe ƙofa na tarar da wando a rataye a mariƙi, irin na 'yan wasa mai ratsi a gefe. Na sa, na fito. An goge falon tas, an buɗe tagogi, rigata tana ninke a kan kujera. Shi yana waje ya tayar da janareto, ya sunkuya a kansa kamar mai gyara. Ban yi masa sallama ba, na shiga mota na ja. Sai da na kusa gida na tuna na bar wandona a ƙasan banɗakin 'yata.

Hajiya ta tarye ni tana dariya. Ta ce Malam ya bugo waya, wai sarƙa ta kama wandona baƙin mai ya ɓata shi, ga ni kuwa na dawo kamar ɗan ƙwallo. Na wuce ta na shiga ɗaki na kulle.

Daga ranar na shiga ɓuya, har damina ta yi nisa. In ya zo gaisuwa sai in ce a ce ina barci. In yayarku ta aiko da abinci sai in ce ba na jin ci. Na tabbatar wa kaina cewa ta sani, don wane miji ne zai ga irin wannan ya kasa gaya wa matarsa? In ta sani, Hajiya ta sani. In Hajiya ta sani, ƙannenta sun sani. Duk dariyar da na ji a tsakar gida sai in ɗauka da ni ake. A kasuwa wani ya ce mini, Alhaji an ce ka zama ɗan tsere, na kwana ina juya maganar ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Keke kuwa na jefa shi sito, buhuna suka danne shi. Ƙafafuna suka fara kumbura, idona ya fara hazo, hawa matakalar masallaci ya zama aiki. Na san inda hanyar ta nufa, na ga mahaifina ya bi ta. Amma a lokacin da za a ce in zaɓa tsakanin kabari da haɗa ido da Malam Isa, ban san wanda zan ɗauka ba.

Wata Asabar yayarku ta zo. Ba ta shigo wurina ba, ta gaishe ni daga bakin labule kamar yadda ta saba, sannan ta zauna da Hajiya a tsakar gida suna ɓarar agushi. Ina kwance ina jin su.

"Hajiya, ni fa na rasa gane kan mutumin nan. Na tambaye shi me ya yi wa Baba, ya ce shi ne ya matsa masa, ya ƙara nauyi fiye da ƙima har Baba ya yi fushi. Na ce to ka kashe mini uba mana ka huta. Na fi sati ban dafa masa abinci da hannuna ba."

"Ke ma dai. Ai da niyyar alheri ya yi."

"Ni wandon ne ma ya fi ba ni haushi. Shadda mai kyau, wai don baƙin mai ya taɓa ta, sai ya ɗauka ya ƙone kafin in dawo daga aiki. Toka na tarar a bayan gida. Da ya bar mini, ɗan kananzir da sabulu ai sun fitar. Namiji dai bai san darajar kaya ba."

Na tashi zaune. Na saurari muryarta da kyau, irin sauraron da nake yi wa dillali in ina zargin ya haɗa riɗi da yashi. Babu komai a ciki sai haushin shadda. Ba ta sani ba. Mutumin nan ya tsuguna ya goge fitsarin uban matarsa da hannunsa, ya ƙone shaidar, ya ɗora wa kansa laifi, ya sha fushin matarsa da yunwa a gidansa, ni kuma ina nan ina cewa a gaya masa ina barci. Kunyar da ta rufe ni a kan gadon nan ta fi ta falonsa nauyi, kuma ita har yau ba ta sake ni ba.

Ranar Litinin da yamma na tuƙa mota zuwa filin makarantarsu. Ban da ranar gwajin nan, ban taɓa zuwa inda yake ba, shi ke zuwa inda nake. Yana tsakiyar 'yan kekensa da usur a baki, da ya hango ni sai usur ɗin ya faɗo. Ya taho da sauri zai tsuguna, na ce ya miƙe. Muka koma gefen mota. Na kalli tayar motar na ce:

"Gwajin nan, ya lalace ke nan?"

"Bai lalace ba, Baba. Abin da na samu kafin janareto ya ba mu matsala ya isa in san jinin."

Haka ya kira abin, ranar da kuma kullum, a 'yan lokutan da maganar ta zama dole.

"Amma lamban zuciyan ban yarda da shi ba. Sai dai in bi ku a hanya, ina kallon agogo ina jin numfashi, har mu gane daidai."

"To."

"Akwai sharaɗi, Baba."

Na ɗago. A karo na farko tun da ya auri 'yata, idonsa yana cikin nawa. Jajaye ne, kuma bai kawar ba.

"Duk abin da jikinka ya faɗa maka, ka faɗa mini. Ko mene ne, ko a ina ne. Inji ba ya ganin komai da komai. In za ka ɓoye mini, abeg Baba, ba zan iya ba, don wata rana abin da za ka ɓoye zai zama ƙirji ne."

Na san abin da yake nema. Yana nema in ajiye surukuta, in ajiye abin da na fi alfahari da shi a tsakaninmu, kuma in aka ajiye ba a sake ɗauka. Na tsaya ina jin ihun yara a fili. Sannan na ce masa ya zo gobe.

Cikin mako biyu ya gano matakaina. Nawa shi ne na biyu, inda mutum ke tafiya yana iya hira ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba. Da na ga gudun da ake nufi sai da na ji kamar in koma gida. Mata masu ɗaure rogo a bayan keke suna wuce ni. In na ɗan taka don in huce haushi, agogon bugun zuciya da ya ɗaura mini a hannu, irin wanda ke nasa hannun, ya yi ƙara, shi kuma ya ce, Baba rage, ka shiga na uku. Ya kuma hana fitar duhu saboda manyan motoci, sai rana ta fito kowa na gani. Haka mutanen Lafiya suka riƙa ganin Alhaji da hular kwano, kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa a hanyar Obi, suna tafe kamar masu rakiyar amarya, bakin Alhaji bai rufuwa. Dole ce ta sa, in na yi shiru sai ya ce, Baba magana. Da farko farashin riɗi nake karanta masa. Da ya ƙare na shiga labarin kasuwa, na shiga na mahaifina, na shiga abubuwan da ko Hajiya ban taɓa gaya wa ba. A mako na uku ne, muna tsakiyar gonakin doya, na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na ce:

"Malam, tsaya. Zan kewaya."

"To, Baba."

Ya riƙe kekunan biyu, ya juya yana kallon titi. Ban taɓa furta magana mai nauyin wannan ba, ko ranar da na nemi auren mahaifiyarku.

Abin bai tafi a kyauta ba. A kasuwa an ce karayar arziki ce, an ce taɓin hankali ne, wannan duk na shanye. Wanda ya yi mini ciwo shi ne na Yaya Tanimu, babban wana. Shekara da shekaru ni ake turawa neman aure a danginmu, ni ke karɓa ni ke bayarwa. Da auren ɗansa ya taso sai na ji an tura wani. Na je na same shi, bai ɓoye mini ba.

"Mutumin da ke yawo a titi yana zuba da surukinsa kamar abokin wasansa, da wane ido zai zauna gaban surukan wasu? Ka zaɓi keke, ka riƙe keke."

Har ya rasu bai sake tura ni ba, kuma ban iya gaya masa dalili ba. Na rasa wannan, na kuma rasa gaisuwar zaure, wadda har yanzu nakan yi kewarta. Abin da na samu shi ne kumburin ƙafa ya sauka, likita ta rage mini ƙwayoyi, na wuce shekarun mahaifina, na ga auren autarku. Duk wata shida Malam Isa yana sake tsaga yatsana a falon nan, kuma kafin mu fara nakan ratsa ta ƙofa ta biyu a hannun dama ba tare da na tambayi kowa ba. In kun ga ya buɗe kwanona, ni na ba shi wannan ikon a gefen mota. Bai ƙwata ba, kuma na san abin bai zo masa da sauƙi fiye da ni ba.

Saura magana ɗaya, ita ce wadda za ta fi yi muku zafi, ku maza. In Allah ya karɓi abinsa, ku za ku ɗauki makara, ku za ku sa ni a kabari, wannan haƙƙinku ne ba mai taɓa shi. Amma wanka Malam Isa ne zai yi mini. Ba don kun gaza ba. Malamai sun ce a nemi wanda in ya ga abin da ba shi da kyau a jikin mamaci zai binne shi a cikinsa. Ku ina kyautata muku zato, shi kuwa na gwada shi ina da rai.

Na gaya masa bara, muna dawowa daga wajen Obi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya inda babu hawa babu gangara. Na faɗa ina kallon gabana, kamar ina karanta masa farashi. Agogona ya fara ƙara.

"Baba, rage. Ka shiga na uku."

Na rage. Sai na ji wata ƙarar kuma, ba daga hannuna ba. Nasa agogon ne, wanda a duk shekarun nan ban taɓa jin ya yi kuka a irin wannan tafiyar tamu ta tsofaffi ba. Ya sa hannu ya rufe shi, bai daina ba. Muka sauka, muka tura kekunan da ƙafa har muka shigo gari.